In Na Kakare, Ku Tuna Mini

Malam Isa ya ba ɗansa Ridwan wa'adi zuwa tsayuwar watan Mauludi. Ko dai ya koma gaban sahu ya ci gaba da jan sallah a masallacin ƙofar gidansu da ke cikin garin Anka, ko kuwa a miƙa limancin ga Kamaluddeen, babban ɗalibin makarantarsu. Tsohon bai faɗi haka da fushi ba. Shi ke jan sallar tun da Ridwan ya daina fita, kuma gwiwoyinsa sun gaji, in ya yi ruku'u har sahu na biyu ana jin ƙararsu. Ga shi limancin nan tun zamanin kakansa yake cikin gidan, ba ya son a ce a hannunsa ya fita.

"Ban tilasta ka ba, Ridwanu," in ji shi. "Amma ni kam ba ni iyawa kuma. Ka yi shawara da ranka."

"To, Baba."

Daga haka Ridwan ya koma ɗakinsa, inda ya shafe watanni yana sallah shi kaɗai, ƙofa a rufe.

Asalin abin akuya ce. Yana dawowa daga ta'aziyya a Gummi bisa babur, ta gitta masa, ya kauce mata, ƙeyarsa ta sami dutse. Hular kwano kuwa, wa ke ɗora ta bisa rawani? Akuyar ta wuce abinta ko waiwaye ba ta yi ba, shi kuwa sai a asibitin Gusau ya farka bayan kwanaki. Ciwon waje ya warke, tabon ya shige ƙarƙashin hula, kowa ya yi hamdala aka ce Malam ya sami lafiya. Shi kaɗai ya san abin da ya dawo da shi. Sai ya shiga ɗaki ya tsaya yana tunanin me ya kawo shi. Sunan maƙwabcin da suka tashi tare sai ya ɓace masa a bakin gaisuwa. Hayaniyar yara masu karatu, wadda da ita yake jin daɗin hantsi, yanzu sara masa kai take yi.

Ranar da ya fara komawa limanci, da Magariba, masallacin ya cika har waje don murna. Ya karanta Fatiha lafiya lau. Ya kama Walluha, surar da ya koya wa yaran da ba su ƙirguwa, ya kai tsakiya, sai ya nemi abin da ke gaba ya rasa. Ba rikicewa ya yi ba. Wurin ne kawai ya zama fili, kamar allon da aka wanke.

To, wannan ba sabon abu ba ne a sallah. Kowane liman yana kakarewa, kuma kowa ya san abin yi: wanda ya san ayar a cikin mamu sai ya ɗaga murya ya tuna masa, a wuce wurin. Ridwan ya tsaya yana jira. A bayansa akwai mutanen da suka haddace a gabansa, kai, har yaran sahun ƙarshe sun san ayar. Amma wa zai buɗe baki ya tuna wa Malam Ridwan Walluha? Ɗalibai suka ga rashin kunya ne. Dattawa suka ga tozarci ne ga marar lafiya. Mahaifinsa ma yana nan daf da shi, ya yi gum. Kowa ya sunkuyar da kai yana cewa a ransa yanzu zai kamo ta. Shirun ya yi tsawo har Ridwan yana jin wani yana haɗiyar yawu, yana jin injin niƙa can bakin hanya. Da ya ga ba mai cetonsa, sai ya yi kabbara ya tafi ruku'u.

Bayan sallama aka yi layi ana ba shi hannu. Sannu Malam, Allah shi ƙara lafiya Malam. Aka shiga zancen tsadar taki. Ko mutum ɗaya bai ambaci abin da ya faru ba, a ranar ko bayanta. Mutanen unguwar nan mutanen kirki ne, kuma kirkin nasu ne ya kwantar da shi fiye da dutsen hanyar Gummi. Ya fahimci abu guda daga shirunsu: abin da ya same shi abin kunya ne da ba a faɗa. Tun daga ranar bai sake taka masallacin ba.

Matarsa Ruqayya ce ke tura shi asibitin nan Anka karɓar maganin ciwon kai duk ranar Alhamis ɗin da aka rubuta masa, tun da ba a karatu ranar. A can akwai wani ma'aikacin jinya, Junaidu, da ya ɓullo da wata al'ada. Masu raunin kai in sun karɓi magani sai ya shimfiɗa musu tabarma a barandar baya, su zauna su yi hira. Ya sha gayyatar Ridwan. Ridwan kan ce yana sauri, a ransa kuwa cewa yake, ni me ya haɗa ni da zaman masu taɓin kai? Sai ya cusa maganinsa a aljihu ya sulale ta ƙaramar ƙofa.

Wannan Alhamis ɗin, saura 'yan kwanaki watan Mauludi ya tsaya, layi ya yi tsawo har bayan La'asar. Yana karɓar magani hadari ya haɗo, kafin ya kai ƙofa ruwa ya ɓarke. Irin ruwan ƙarshen damina ne, mai zuwa da iska, nan da nan harabar asibitin ta zama tafki. Wurin fakewa mafi kusa shi ne barandar baya. Haka Malam Ridwan, da babbar rigarsa jiƙe, ya faɗo tsakiyar mutanen da ya daɗe yana gudu.

"Ah, ga mai sulalewa!" wani ƙaƙƙarfan mutum mai faɗin kafaɗa ya faɗa da ƙarfi. "Yau ruwa ya kamo muna kai. Zamna, tabarmar ba ta cizo."

Wannan shi ne Makau. Da can haƙar zinariya yake yi a Bagega, har ranar da bakin rami ya zubo, dutse ya same shi a goshi. Tun daga nan abin da ke tsare harshen mutum ya tsinke masa, duk abin da ya zo ransa sai ya fito. Ya yi faɗa da rabin danginsa a kan haka kafin a gane ciwo ne. Kusa da shi wani siririn Bafulatani ne, Labbo, daga Gwashi ta ƙasar Bukkuyum, wanda bijiminsa ya maka shi da bakin rijiya wajen shayarwa. Hannunsa na hagu ya shanye, kuma hanya takan ɓace masa ko a cikin rugarsu. Can gefe a wata tabarmar akwai wata budurwa, Dija, da mahaifiyarta. 'Yan Dareta ne. Gubar dalma ta kama Dija tana goye, shekarar da yara suka yi ta mutuwa a garin. Ita ta rayu, amma maganarta a hankali take fita, kuma farfaɗiya kan kayar da ita.

Ridwan ya zauna a bakin tabarma, rabin jikinsa a siminti, don kowa ya san ba zama ya zo yi ba.

"Kai mi as same ka?" in ji Makau.

"Ɗan haɗari na. Na warke."

"Ka warke kake amsar magani? Mi kake mancewa?"

"Makau, bar Modibbo shi huta," in ji Labbo a hankali. Modibbo shi ne malam a bakin Fulani.

"Ni dai tambaya niy yi. Dut wanda ad nan shina mance wani abu. Wanga," ya nuna Labbo, "makon jiya gidan wasu yas shiga yaz zamna shina jiran a kawo mai hura."

"Kuma sun kawo," in ji Labbo. Duk suka fashe da dariya, har da shi.

Dariyar ta ba Ridwan mamaki, ta kuma ɗan ba shi haushi. Yaya mutum zai mai da irin wannan abin wasa? Ya gyara zama ya fara ba su labarin ko shi waye. Da can yakan sauke Alƙur'ani da ka. Da can daga Bukkuyum ake aiko masa da ɗalibai. Da can in ya ji karatu sau ɗaya ya zauna.

"Da can, da can," in ji Makau. "Ni ma da can buhun dutse nika ɗauka ɗaya ga kowace kahwaɗa. Sai mi?"

Sai ga muryar Dija daga gefe, kalma bayan kalma.

"Ku kuna da da can. Ni haka nit tashi." Ta ɗan tsaya ta nemo sauran. "Kuma ina nan."

Mahaifiyarta ta gyara mata mayafi. Ridwan ya sa ido a kan ruwan da ke zuba daga indararo.

Ruwa bai tsagaita ba har aka kira Magariba. Masallacin asibitin yana can ƙetaren tafkin, ba mai iya zuwa. Suka tari ruwan indararo suka yi alwala. Makau ya tayar da iƙama da muryar da ta fi ƙarfin barandar, sannan ya dafa bayan Ridwan ya tura shi gaba.

"A'a," in ji Ridwan. "Wani shi shiga."

"Wa? Ni da ban wuce Li'ilafi ba? Ko Labbo, shi kai mu gabas ta koma yamma? Kai am malam. Shiga, lokaci na wucewa."

Ba yadda zai yi. Ya tsaya a gaba, maza biyu a bayansa, mata biyu a bayansu. Ya yi kabbara. Fatiha ta wuce. Ya zaɓi gajeriyar sura, Alam tara kaifa, yana lallaɓa ta aya bayan aya. A ta uku ta kuɓuce masa. Filin nan ya sake buɗewa a kansa, ya ce a ransa shi ke nan, ga ta nan kuma.

Ko numfashi biyu bai yi ba Makau ya rangaɗo aya daga bayansa, da ƙarfi, da cikakken tabbaci. Kuma ba ita ba ce. Daga wata sura can daban ya yanko ta, har ya karya mata wasali.

Duk wanda ya koyar da yara ya san abin da kunnen malami ke yi in ya ji an ɓata karatu. Kafin Ridwan ya yi tunani, bakinsa ya riga ya ɗauko daidai ɗin don ya gyara wa mai kuren. Ayar ta fito, ta bayanta ta biyo, surar ta ƙare. Ya tafi ruku'u, bai san ko kuka zai yi ko dariya ba.

Da aka sallame Makau ya miƙo masa hannu yana washe baki.

"Ka gani? Ba don ni ba da muna nan tsaye har Isha."

"Ba ita kaj jawo ba," in ji Ridwan. "Ko kusa."

"To ai ka tahi dai."

A nan dariyar ta ƙwace wa Ridwan. Ya yi ta har hawaye suka zubo, daga nan hawayen suka ci gaba su kaɗai. Ba wanda ya ce masa ya yi haƙuri, ba wanda ya kau da kai don kunya. Labbo ma idonsa ya cika, don shi tun raunin nan kukan wani ba ya wuce shi. Da Ridwan ya natsu, sai ya ba su labarin Magaribar nan ta masallacin ƙofar gida, da shirun da aka yi, da wa'adin mahaifinsa. Karon farko ke nan da ya faɗe shi da bakinsa, ko Ruqayya bai taɓa gaya wa ba.

"Masallaci cike, ba mai tuna maka?" in ji Makau. "Aradu da ina nan da na ba su kunya."

Labbo ya daɗe yana murza shanyayyen hannunsa kafin ya yi magana.

"Modibbo, ka gaya musu?"

"Mi?"

"Cewa kanka ya taɓu. Ko ce musu kay yi ka warke, awa yadda kac ce muna?"



"Ni in na zaka tasha," in ji Labbo, "kahin in zamna sai in ce ma direba, kaina ba daidai shike ba. In mun kai Gwashi ka sauke ni, ko na rantse maka ba nan na ba. Da hwarko kunya nika ji. Sau biyu ana wucewa da ni har Gummi, kunyar tab bar ni. Yanzu har yaran mota sun san ni, su ka riƙe min sanda in sauka."

Ruwa ya ɗauke bayan Magariba kaɗan. Ridwan ya naɗe ƙafar wando ya bi gefen tafkin. Makau ya ɗaga murya daga baranda yana cewa Alhamis mai zuwa in ya sulale har gida zai biyo shi, kuma duk wanda ya san Makau ya san zai aikata.

Washegari da hantsi ya sami mahaifinsa a zaure. Ya durƙusa, ya cire hularsa, ya juya masa ƙeya ya ga tabon. Ya gaya masa komai, da sunayen da ke ɓacewa, da ciwon kan, da abin da likita ya ce, cewa wani abin zai dawo a hankali, wani kuwa mai yiwuwa ya tafi ke nan.

"Ridwanun da ka sani ba shi ad dawo daga Gummi ba, Baba. In wanga ya yi muku, ina so. In bai yi ba, a ba Kamaluddeen, ba ni jin haushi."

Tsohon ya kai hannu ya taɓa tabon da yatsunsa.

"Ayar tana bakina rannan," in ji shi. "Tausai yah hana ni." Ya mayar masa da hular a kai da hannunsa. "Ka hito da Magariba."

Da Magariba ya fito. Mutane suka yi ta satar kallonsa suna matsa masa hanya. Aka tayar da iƙama, ya wuce gaba, ya juyo kamar zai ce a daidaita sahu. Ya yi magana yadda na waje ma za su ji.

"Jama'a, haɗarin da niy yi ya taɓa min kai. Ina mantuwa, kuma ƙila ba ta bari na. In na kakare ga karatu, ku tuna min. Babba ko yaro, wanda dut yas san ayar. In na ɓata lissahin raka'a, ku yi min tasbihi. Wanda yay yi shiru don kunyata bai taimake ni ba."

Sannan Malam Isa, daga sahun gaba, ya ce, "Mun ji, liman."

Ya yi kabbara. Karatun ya zo masa sumul a raka'ar farko, sai dai da ya tsaya jan numfashi a tsakiyar sura, mutum uku suka yi rige-rigen jefo masa ayar da bai manta ba. A ta biyu ma haka. Ransa ya yi sanyi, jikinsa ya saki, har ya ji daɗin muryarsa kamar da. Daɗin ne ma ya ɗauke shi, don bayan raka'a ta uku, maimakon ya zauna tahiya, sai ya miƙe zai kawo ta huɗu a sallar Magariba.

"Subhanallah!"

Masallacin gaba ɗaya ne ya faɗa, har da yaran waje, har kwanon rufi ya amsa. Ya koma ya zauna, ya yi tahiya, ya sallame, ya kawo sujada biyu ta ba'adi, wadda aka tanada don wanda ya yi ƙari da mantuwa. Ya sha koyar da babinta ga ɗalibai. Bai taɓa jin daɗinta irin na yau ba.

Ana gama addu'a, Malam Isa ya jawo hannun Kamaluddeen ya ce masa daga yau nan bayan liman ne wurin tsayuwarsa, don ya riƙa tuna masa. Ridwan na zaune yana jiran layin masu sannu. Sai ga Baba Sani mai gyaran rediyo, tsohon maƙwabcinsu mai ciwon baya, ya matso yana ɗingishi, fuska a murtuke. Shi bai lura ba ya bi liman ya miƙe, sai da ya kai tsaye aka koma.

"Liman, ka san bayana," in ji shi. "Ka tashe ni, ka zamnar da ni, ka ƙara min sujada biyu. Kuma surar ga taka ta yi tsawo, tuwona na can na hucewa. Gobe a rage."

Wasu suka zaro ido, wani ya ja masa riga. Ridwan kuwa ya kama hannun tsohon da hannu biyu ya riƙe gam. Ƙorafi ne irin wanda ake yi wa liman mai lafiya, kuma ya fi masa duk sannun da aka yi masa tun daga Gusau.

"A rage, Baba Sani. In Allah ya so a rage."

"To." Tsohon ya zare hannunsa, ya nemi takalmansa a bakin ƙofa, sannan ya waiwayo. "Asuba kai ka ja?"

"Ni na," in ji Ridwan. "In kun ga ban hito ba, ku ƙwanƙwasa min ƙohwa. Ƙila mancewa niy yi."